Ƙwaryar Farko a Idon Ruwan Inna Dubu

Har gobe ba zan manta da ranar da na tsaya gaban babban anspekter daga Yamai na ƙaryata rahoton da na rubuta da hannuna ba. Rahoton kuwa babu kuskuren Faransanci ko ɗaya a cikinsa, abin da ya fi yi mini ciwo ke nan. Ku da kuka shigo aikin gandun daji daga baya kun sha tambayata me ya sa nake tsayawa hira da mata a bakin ruwa kafin in buɗe littafi. To, ga dalilin.

Ba a daɗe da samun ƴancin kai ba aka ɗauko ni daga lakwal, inda na shekara uku ina koya wa yara sunayen kogunan da ba za su taɓa gani ba, aka kai ni biron gandun daji na Dogon Dutsi. A lokacin, duk wanda ya iya rubutu bai zubar da tawada ba, gwamnati na nemansa a wuri uku. Muƙamina stajiye, wato ɗan gwaji: shekara guda ana kallonka, in an gamsu a tabbatar da kai, in ba a gamsu ba ka koma inda ka fito. Sunan Mushe, wato malam a bakin ƴan lakwal, ya biyo ni daga aji, ban kuma yi ƙoƙarin korarsa ba. Shugabanmu Shef Bulus ne, ɗan Dutsi, Kirista, mutum mai tsimin magana. Yakan saurare ka har ka gaji, sannan ya ce "To," ya bar ka da sauran aikin.

Wata rana takarda ta zo daga Yamai. An ce kowane yanki ya lissafo dabbobi da tsuntsaye da tsirran da ke cikinsa, a kasa su gida biyu. Gidan farko na waɗanda ba kasafai ake ganinsu ba, gida na biyu na waɗanda suke ko'ina. A ƙasan takardar akwai wani dogon sakin layi da ƙananan baƙaƙe, wanda ya fara da cewa duk wurin da aka sami ɗan gidan farko yana hayayyafa, za a keɓe shi, a kewaye shi da waya mai ƙaya, a hana mutum da dabba shiga. Manyan baƙaƙen na karanta su sau uku. Ƙananan na leƙa su kawai, irin leƙen da ɗalibi ke yi wa darasin da ya tabbata ba za a tambaye shi ba.

Aka ba ni tsohuwar goɗiyar biro, da wani littafin tsuntsaye mai hotuna da wani Nasara ya manta a durowa, da kwana goma. Na bi babban kwarin da ake kira dallol na yi kudu, wajen Dumega. Kurciya, gida na biyu. Zabon daji, gida na biyu. Sabara da kalgo, gida na biyu. Kwana shida ban sami abin sa wa a gidan farko ba, har na fara jin kunya a madadin ƙasar Arewa.

Rana ta bakwai na sauka a wani ɗan ƙauye da ba zan faɗi sunansa ba, don har yau ba su cika son baƙi masu littafi ba. Bayan ƙauyen akwai jan dutse, a gindinsa kuma akwai idon ruwa da ba ya ƙafewa, faɗinsa bai wuce tsakar gida ba, wani ƙaton ɓaure ya yi masa inuwa. Ta gefe ɗaya akwai gaɓar ƙasa da ta fi tsayin mutum, gansakuka ta lulluɓe ta kamar an yafa mata koren karan-miski. Ina shayar da goɗiya sai wani abu shuɗi ya gifta.

Bai kai girman gwara ba. Bayansa kamar yanzu aka tsamo shi daga marina, ƙirjinsa kalar dutsen, bakinsa ja ne dogo, ga ɗan tukku a ka. Ya faɗa ruwa kamar an jefa tsakuwa, ya fito da ɗan kifi, ya shige wani rami a jikin gaɓar nan mai gansakuka. Na yi maza na buɗe littafi. Ga shi nan da hotonsa, cikin dangin tsuntsaye masu kamun kifi da Faransawa ke kira martin-pêcheur, kuma littafin ya ce bakin manyan koguna ne mazauninsa. Mu kuwa tsakaninmu da kogin Isa, babban kogin da ya fi kusa da mu, tafiyar kwanaki ce. Na yini a wurin. Mata suna zuwa ɗiban ruwa suna tafiya, ban ko kula su ba, don ba sa cikin gida na ɗaya ko na biyu.

Da na koma Dutsi na ba tsuntsun shafi huɗu. Na kawo danginsa da zuriyarsa da sunansa na Latin mai hawa biyu, kamar ina yi wa ɗan sarauta kirari. Gansakuka kuwa layi ɗaya na ba ta: tana ko'ina, a bakin rijiya da gindin randa, ba fure, ba ƴaƴa, ba ta buƙatar kariya. Ko sunanta na Latin ban nema ba. Littafina na tsuntsaye ne, mu kuma Hausawa duk wani koren abu da ya kwanta a kan ruwa ko dutse suna ɗaya muka ba shi muka huta. Shef Bulus ya tafi rangadi Sukukutane, ni kuma ban iya jira ba, na sa rahoton a motar wasiƙu. Ƙa'ida ita ce takarda ba ta fita sai shugaba ya gani. Na san ƙa'idar. Na dai fi son Yamai ta san ni.

Da ya dawo ya karanta kwafin a tsaye.

"Mushe, Faransancinka ya yi kyau."

"Na gode, Shef."

"Mutanen ƙauyen nan, ina suke shan ruwa?"

"A wurin, Shef."

"To."

Ya miƙo mini takardar Yamai, ya ɗora yatsa a kan farkon ƙananan baƙaƙen, ya fita. Na karanta layi biyu na gane abin da na yi: in aka sa waya, ƙauyen ya rasa ruwa. Rijiyar ƙauyen na ɗanɗana ta da kaina, ruwan kanwa ne, awaki ma sai sun yi shawara. Rijiya mai daɗi mafi kusa, in mace ta tashi da sassafe sai hantsi ta isa. Ga shi bazara ta kama.

Bayan sati uku amsa ta zo. An yaba mini ƙwarai. An ce anspekter da kansa zai zo ya ga tsuntsun, kuma zai taho da naɗin waya a bayan mota. Shef ya ce, "Kai ka rubuta, kai za ka je ka faɗa musu. Ka kuma duba wurin kafin baƙo ya iso."

Maigari ya saurare ni har na gama, ya ce gonaki da shari'a nasa ne, amma ruwa ba nasa ba ne, in je wurin Inna Dubu. Ita ce mai kula da idon ruwan, kamar yadda uwarta ta yi kafin ta. Mutanen wurin sun ce akwai doguwa, wato aljana, a gindin ɓauren, Inna Dubu ce kuma ta san abin da take so da abin da ba ta so. Na same ta zaune a kan saiwar ɓauren, ƴar tsohuwa ƙarama, idonta kamar na mai sayen akuya. Na durƙusa na gaishe ta.

"Kai ne mai kallon tsuntsu da littahi?" ta ce. "Anka ce ka yi yini guda bakinka buɗe. Ƙuda bai shiga ba?"

Na yi mata bayani da tsari, irin na aji. Na ce tsuntsun nan ba a cika samun irinsa ba, gwamnati na son kare shi, saboda haka za a kewaye wurin.

"A kare shi daga wa?"

"Daga mutane, Inna."

"Waɗanne mutane?"

Na ce, "Ku."

"Shi ya kai ƙara?"

Don in ɓoye kunyata sai na koma ga aiki. Na ga gaɓar nan da koren abu ya rufe, na ce a raina babban baƙo ba zai so ganin ƙazanta ba, gara in kankare ta ramin tsuntsun ya fito sosai. Na ɗauki hauyar da na aro a gidan maigari. Ban san tsohuwa na da irin wannan sauri ba. Kafin in ɗaga, ta riƙe ƙotar.

"Ɗana, aje hauyar ga. Zamna nan ka yi kallo, tunda shi ka iya."

Na zauna. Mata suka fara zuwa. Kowacce ta iso, sai ta ɗebi ruwa da ƙwarya, ta taka zuwa gaɓar, ta kwarara shi tun daga sama, sannan ta dawo ta cika tulunta. Babba da ƙarama, mai goyo da mai sauri, babu wadda ta tsallake. Na tuna na ga haka ran farko, na ɗauka ɗaurayar ƙwarya suke yi.

"Ƙwaryar hwarko rabon mai wurin ce," in ji Inna Dubu. "Haka munka tarar."

Ta ja ni ƙarshen gaɓar, inda ƙasa ta zube ta zama tudun yashi. Ta ce a zamanin aikin dole wani gardi, wato dogarin Nasara, ya sa aka kankare wajen aka ɗebi ƙasa don yaɓen masaukin baƙi, ya kuma hana mata zuba ruwa, wai ɓarna ce. Ruwan farko na damina ya tafi da wannan gefen gaɓar, tsuntsun ya ɓace shekaru. Sai da mata suka yi ta zubawa a ɗaya gefen har ya sake yin kore, sannan wata safiya aka gan shi ya dawo. Ta miƙa hannu sama inda ƙwarya ba ta cika kaiwa ba, ta ɓalle ɗan guntun gansakuka busasshe, kalar toka, ta sa mini a tafin hannu, ta ɗiga masa ruwa. Ina kallo ya buɗe, ya yi kore. Ni da na koyar da darasin tsirrai shekara uku, ban taɓa ganin haka ba.

"Tana iya jiran wata guda, ko biyu," ta ce. "Bazara guda ba ta iyawa. In ta saki, ƙasa ta saki. In ƙasa ta saki, ina tsuntsun naka zai yi ɗaki? Ku sa wayarku. Mu mu sha wuya, shi kuma shi tahi."

Na koma na faɗa wa Shef komai. Ya tambaya ko zan rubuta wani rahoton, na ce anspekter ya riga ya taso.

"Sai ka faɗa masa da bakinka. Ka san wanda ke duba takardun stajiye a Yamai?"

"Shi ne, Shef."

"To."

Anspekter ɗin Nasara ne, cikin waɗanda suka zauna bayan ƴanci a matsayin masu ba da shawara. Mutumin kirki ne, zafi ya mai da shi ja, kuma na lura ya fi son tsuntsaye da abinci. Ya sauka da madubin hangen nesa a wuya, ya riƙe hannuna ya ce rahotona ya faranta masa rai. Na buɗe baki in yi magana, sai na ji na ce na gode. Ya ba da umarni kada kowa ya kusanci ruwan da safe, don kada a tsorata tsuntsun. Aka tsai da mata can nesa gindin wani gawo, tuluna jere a gabansu. Naɗin waya kuma yana bayan mota inda kowa ke ganinsa.

Muka zauna tun fitowar rana, ni da Shef da anspekter. Rana ta ɗaga. Kurciya ta zo ta sha ruwa, gida na biyu. Ƙadangare ya zo ya dube mu, shi ma gida na biyu. Hantsi ya yi, babu shuɗi ko na magani. Anspekter ya fara duba agogo, sannan ya fara duba ni, irin duban da nake yi wa yaron da ya ce akuya ta cinye littafinsa.

Sai ga Inna Dubu tana dogara sanda, babu wanda ya kira ta.

"Hwaɗa ma Nasara in shina son ganin shi, shi bar mata su ɗebi ruwa. Wuri shiru haka, ko ni sai in ce wani abu ya hwaru. Kuma tuwo na jira."

Na fassara, na rage maganar tuwo. Anspekter ya ce hayaniya ce babbar abokiyar gabar tsuntsu, duk littattafai sun yarda da haka. Shef Bulus ya ce, "Mun gwada shirun, Mushe anspekter. Bari mu gwada hayaniyar." Ya ɗaga wa mata hannu.

Suka taho da fushin sa'o'i uku. Ana tsaki, ana habaici a kan maza uku da suka zauna gadin ruwa ba su sha ba. Amma kowacce ta ɗebi ƙwaryar farko ta kwarara a gaɓa. Gansakukar da ta fara yin fari-fari tun safe ta yi duhu, ta yi kore. Tuluna suka shiga ruwa suna ɓulɓul, ƙananan kifaye suka watse zuwa gefen da ba zurfi. Sai abu shuɗi ya gifta. Ya sauka a kan saiwar ɓaure, bai fi kamu biyu ba daga wata mata da ke yi wa ƙanwarta faɗa a kan igiya. Ya dubi ruwa, ya faɗa, ya fito da kifi, ya shige raminsa. Anspekter bai ko ɗaga madubinsa ba. Ya tsaya baki buɗe, na ga Inna Dubu ta dube shi ta dube ni, ta girgiza kai.

A nan na tashi. Na ce, "Mushe anspekter, akwai kuskure a rahotona." Na ce tsuntsun yana gidansa daidai, gansakuka ma tana gidanta daidai, amma na rubuta su kamar ba su san juna ba. Na ce shi ramin yana tsaye ne don ita ta riƙe ƙasa, ita kuma tana raye a bazara don matan nan suna shayar da ita, kuma su ne ban rubuta ba sam. In aka sa waya, ruwa aka hana ƙauye, sannan aka kori tsuntsun da aka zo karewa. Na ɓallo busasshen guntu na ɗiga masa ruwa a tafinsa, kamar ni na gano abin.

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Ya tambaye ni wace irin gansakuka ce, na ce ban sani ba. Ya ce shi ma bai sani ba. Ya durƙusa da farin wandonsa a cikin laka yana duba ta kusa-kusa. Da ya miƙe sai ya ce, da alamar baƙin ciki, ya gane, amma takarda ta ce waya, kuma an riga an rubuta a Yamai cewa wayar ta fito.

Shef Bulus ya zaro takardar daga aljihu, ya warware ta a hankali, ya karanta ƙananan baƙaƙen tun daga farko har ƙarshe. Layin ƙarshe, wanda ni ban taɓa kaiwa ba, ya ce ba a buƙatar waya a wurin da ke da mai gadi na dindindin. Na tabbata tun ran farko ya san da layin nan. Ya dai bar ni in isa wurin da ƙafata.

"Kuna da gardin da za ku ajiye a nan?" in ji anspekter.

Shef ya nuna Inna Dubu da haɓa. "Ga ta nan. Ta riga mu kama aiki."

Aka ce in yi mata bayani. Na ce, "Inna, gwamnati ta naɗa ki mai gadin wurin nan."

"Mi zan yi?"

"Abin da kike yi."

"Mata su ɗebi ruwa?"

"Su ɗeba."

"Su zuba ƙwaryar hwarko?"

"Su zuba."

Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta dubi mota.

"To mi ya kawo ku?"

Wannan ban fassara ba, amma ina jin anspekter ya gane, don shi ya fara dariya.

Wayar ta koma Dutsi, muka kewaye gonar renon itatuwa da ita, inda awaki suka shekara suna nazarinta kafin su ci jarrabawa. Na sake rahoton. Tsuntsu ya zauna a gidan farko, gansakuka a na biyu, don takarda ba ta da wani gidan. Amma a wannan karon ita na ba shafi uku, shi na ba shi ɗaya, a ƙasa kuma na rubuta sunan Inna Dubu a gurbin mai gadi, ta dangwala yatsa bayan ta tabbatar ba haraji ba ne. Ƙarshen shekara takardar tabbatar da ni ta zo. Shef Bulus ya miƙo mini ita ya ce "To," ni kuma na je bayan biro na zauna na karanta ta har ƙananan baƙaƙen.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. Aikinmu na son abin da ba a cika gani ba, don shi ke sa a yaba wa mai rahoto. Abin da ke ko'ina ba ya kai kowa Yamai. Amma in kun sami wani abu mai wuyar samu yana zaune lafiya kusa da mutane, kada ku fara da tambayar yadda za a raba su. Ku tambaya me suke yi da ya sa ya zauna. Sau da yawa wani ɗan aiki ne da suke yi kullum, wanda su kansu ba sa kiransa aiki, kuma takardarku ba ta da gidansa.

Shekaru da yawa bayan haka rangadi ya sake bi da ni ta ƙauyen. Inna Dubu ta riga mu gidan gaskiya, jikarta ce a kan saiwar ɓaure. Na gaishe ta na roƙi ruwa. Ta miƙo mini ƙwarya, tana dai kallona ta ga ko wane irin baƙo ne. Na ɗeba, ƙishi na cina, na taka zuwa gaɓa na kwarara tun daga sama.

"Kai ne Mushe," ta ce. "Kaka ta ce ka daɗe kahin ka gane, amma ka gane."

Sannan na ɗebi ta biyu na sha.